Tsokar ƙasan mara: abin da fisiyo ke gyarawa da abin da ba ya iyawa

Akwai matan da in ana raha a gidan suna za ki ga suna danne dariya suna matse ƙafa, don sun san in sunka saki jiki fitsari zai ɗigo. Akwai wadda in za ta shiga Tsohuwar Kasuwa tun da safe take daina shan ruwa, cikin zafin nan namu na watan Afrilu da ke haura digiri 40, gudun kar abin ya kama ta a hanya. Wata kuma sallah ce damuwarta, ta yi alwala ta tayar, tana dafa gwiwa za ta miƙe daga sujada sai ta ji ɗumi, ta koma ta wanke ta sake zane, har wata rana ta gaji ta zauna ɗaki tana kuka ita kaɗai. In ta yi ƙarfin hali ta gaya wa inna ko gwaggo amsar kusan guda ce, "haihuwa ta ɗiyata, kowace mace haka nan take, ki yi hanƙuri."

To rabin maganar gwaggo gaskiya ne, abin yana da yawa, ana ƙiyasta kusan mace ɗaya cikin uku da sunka taɓa haihuwa tana fama da kuɓucewar fitsari ko yaya yake. Wajen haƙurin ne ba ni tare da ita, don da yawan matan nan raunin tsoka ne ya same su, ita kuwa tsoka ana horar da ita ta dawo, kuma akwai waɗanda aikinsu ke nan a asibiti, 'yan fisiyo, su da muke ganin sai mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ya karye a kan kabu-kabu ke zuwa wurinsu gashi.

Tsokar tana can ƙasan mara, a gindin ƙashin ƙugu. Shimfiɗe take tun daga ƙashin gaba har zuwa ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya mai zafi in mutum ya faɗi zaune. Ki tuna ragaya irin wadda kakanninmu ke ratayewa a ɗaki su ɗora ƙwaryar nono, to ita wagga mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji ne a kanta, in igiya ta saki ƙwarya sai ta karkace ko ta zazzago. Ƙofa uku sunka ratsa ta, hanyar fitsari da farji da dubura, shi ya sa aikinta biyu ne, ta matse ta rufe in kin yi tari ko kin ɗaga kaya, ta kuma saki lokacin fitsari da bayan gida da kwanciyar aure da haihuwa. Ki riƙe biyun nan, don mutane na farkon kaɗai sunka sani.

Abin da ke fara raunata ta ciki ne kansa, tun ba a zo maganar naƙuda ba. Wata tara ana ɗora mata nauyin ɗa da ruwa da mabiyiya, ga sinadaran goyon ciki suna sassauta jijiyoyi don a samu hanya, shi ya sa ko wadda anka yi wa tiyata anka ciro ɗan ba ta tsira gaba ɗaya ba, sauƙi dai ta samu. Ranar haihuwa kuwa wani sashe na tsokar yana miƙewa fiye da ninki uku na tsawonsa kafin kan jinjiri ya wuce. In naƙuda ta yi tsawo kai ya daɗe a ƙasa, ko ɗan ya haura kilo 4, ko mace ta ƙaru har kusa da dubura, ko anka sa ƙarfe anka jawo shi, raunin ya fi yawa, har jijiyar da ke kai wa tsokar saƙo tana iya taɓuwa, mace ta wayi gari ba ta ma jin wurin balle ta matse shi.

Duk da haka jiki na gyara kansa in an ba shi lokaci, to lokacin ne fa ba mu bayarwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a matsakaici macen Najeriya na haihuwar 'ya'ya 5.3, a Arewa maso Yamma 6.6, mu Sakkwato muna ma sama da haka, kuma mafi yawan haihuwar a gida ake yinta, inda wani lokaci ake sa mace yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, ko a hau danna mata ciki wai taimako ne. Ana gama wankan jego, wata ma ba ta cika arba'in ba, ta koma turmi, ga surfe ga daka ga jarka mai lita 25 wadda ruwanta kilo 25 ne cif, ga goyo a baya, kafin a yaye wani cikin ya shiga. Ki haɗa da tarin hayaƙin itace da ƙurar hunturu, da taurin bayan gida da muke kira basir mu yi ta nishi a bayi, kowane tari da kowane nishi bugu ne daga sama kan tsokar nan. Ƙiba ma nauyi ce. Sai shekaru, in al'ada ta ɗauke wajen shekara 50 sinadarin da ke sa fatar wurin kauri da laushi yana raguwa, shi ne za ki ga mace ta haifi tara lafiya lau sai ta zama kaka abin ya bayyana.

Yadda yake fitowa ba iri guda ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne ɗigar da ke zuwa da tari ko atishawa ko dariya ko ɗaga kaya, ba ki ji fitsari ba sam, turi ne ya zo daga ciki ƙofar ta kasa riƙewa. Akwai na gaggawa, fitsari ya taso miki lokaci guda, kina jin ƙarar ruwa a buta ko kina isa ƙofar bayi sai ya zubo, ki tashi sau uku sau huɗu cikin dare, wannan mafitsarar ce ke matsewa ba a sa ta ba, kuma mata da yawa duka biyun gare su. Sai zazzagowa, mace ta riƙa jin nauyi a ƙasa kamar wani abu zai faɗo, da safe da sauƙi, in yamma ta yi bayan ta wuni tsaye sai ta taɓa ta ji ƙullutu, ana cewa mahaifa ce ta sauko amma sau da yawa mafitsara ce ko hanji ya turo bangon farji. Wanda ba a faɗa ko da wasa shi ne na baya, iska ta kuɓuce cikin mutane ko a ga ɗan bayan gida a wando, yawanci waɗanda ƙarinsu ya kai dubura ba a ɗinke ba ko ɗinkin bai kama ba.

Dole kuma a raba duk waɗannan da yoyon fitsari da munka sani, irin wanda ake yi wa aiki a asibitin mata da yara na Maryam Abacha nan cikin gari da Babbar Ruga a Katsina. Shi ɓula ce tsakanin mafitsara da farji, kan ɗa ne ya danne naman wurin kwana da kwanaki har ya mutu ya zube, fitsari na zuba dare da rana ko barci take. Babu atisayen da ke rufe ɓula ko za a shekara ana yi, aikin likitan tiyata ne, kuma sauri na da amfani, don Dokta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan Holan da ya daɗe yana wanga aiki a Katsina tun shekarun 1980, ya nuna in ɓular sabuwa ce ƙarama robar fitsari kaɗai in an bar ta makonni tana iya sa ta rufe. Fisiyo bayan aiki yake shigowa. Wasu an rufe musu ɓular lafiya amma suna ci gaba da ɗiga saboda ƙofar fitsarin ta yi rauni mafitsarar kuma ta tsuke, su koma ƙauye a ce aiki bai yi ba, alhali cikinsu akwai waɗanda horo ne ya rage musu, akwai kuma masu buƙatar a sake aiki. Sannan doguwar naƙuda tana danne jijiyar ƙafa mace ta tashi tana jan ƙafa tafin ba ya ɗagawa, wannan kam na 'yan fisiyo ne tun daga farko. Yadda munka san yoyon nan sosai ya ja mana wata illa, wadda nata ɗigo ne kawai sai ta ce alhamdulillahi nawa bai kai can ba ta ja bakinta, wata kuma tsoron kar a ce mai yoyo ce ke hana ta magana.

Ga ɓangaren da wallahi ya fi ba ni takaici. Ba kowace matsala ce ta saki ba, wata tsokar a ɗaure take ta ƙi saki. Amarya ce za a kai, wata ɗaya wata biyu abu ya ƙi yiwuwa, da miji ya matso jikinta ya kulle gam ga azabar zafi, kuma ba da gangan take yi ba, tsokar ce ke damƙewa da kanta saboda tsoro ko wani zafi da jiki ya taɓa ji. A gida mi ake cewa? Taurin kai ne ba ta son mijin, ko aljani ne ya aure ta, ko a ce angurya ce ko gishiri a kira wanzami ya sa aska. Yankan gishirin nan shi kansa yana cikin abubuwan da ke ɓula mafitsara, kin ga an ɗauki yarinyar da numfashi da lallashi za su warkar an mayar da ita mai yoyo. Haka wadda ta haihu anka yi mata ɗinki tabon ya yi tauri, wata shida kwanciya na yi mata zafi tana cije baki don kar a ce ta canza, ko mai ciwon mara da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an sha maganin sanyi kala-kala an yi allurai, an je awo ba a ga ƙwayar cuta ba amma har yau kafso take haɗiya. Irin waɗannan in anka ce su yi ta matsewa ƙara musu ciwo za a yi. Su saki ake koya musu, numfashi mai zurfi har ciki ya taso, tausar tabon da wuraren da sunka ƙulle, ɗumi, da wasu 'yan sanduna masu santsi na roba daga ƙarami zuwa babba da mace ke amfani da su da hannunta a ɗakinta sannu a hankali har jiki ya daina tsorata. Shi ya sa ba ni son yadda ake watsa atisayen nan na matse tsokar a guruf-guruf na WhatsApp kamar maganin kowa da kowa ne, sai an duba an san wace iri ce taki.

Duban ba wani abin tsoro ba ne, zaman farko ma yawancinsa hira ce. Haihuwa nawa, yaya sunka zo, yaushe fitsarin ke zuba, mi kike sha, yaya bayan gida, akwai zafi wajen kwanciya da maigida. Ana iya cewa ki je ki rubuta na kwana uku, abin da kinka sha da fitsarin da kinka yi da lokacin da ya kuɓuce, wadda ba ta boko ta yi da ajami. Sai gwajin ciki da safar hannu da yatsa guda, a ce ki matse a ji ƙarfin, akwai ma'auni daga sifili zuwa biyar, a ji ko gefe ɗaya ya fi rauni, ko kina iya saki bayan kin matse, ko akwai inda ke zafi. Na san nan ne mata da yawa za su ce a'a. Kina da damar ki nemi mace ta duba ki, ki shiga da 'yar rakiya, ki ce a tsaya in ba ki so, in ma kin ƙi na cikin ana iya farawa da duban waje. Amma amfaninsa babba ne, don an gano kusan mace ɗaya cikin uku in da baki kawai anka yi mata bayani ba ta matse daidai a karon farko, wasu ma turawa ƙasa suke yi suna zaton matsewa ce, ki duba fa, wata uku ana tura abin da ake son ɗagawa.

Atisayen ba sabo ba ne, wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ya fito da shi a rubuce a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Ki kwanta rigingine ki tanƙwara gwiwa, ki yi kamar kina cikin mutane iska ta taso kina riƙe ta, sannan ki haɗa da gaba kamar za ki tsayar da fitsari, ki ji wurin ya tsuke ya ɗaga sama zuwa ciki. Ɗuwawu ba ya motsi, cinya ba ta haɗewa, numfashi na tafiya, in ba ki iya magana kina yi to ba daidai kike ba. Ki riƙe gwargwadon iyawarki, in daƙiƙa biyu ce shi ke nan biyu ce, ki saki gaba ɗaya ki huta, ana ƙarawa kaɗan kaɗan har a kai daƙiƙa goma sau takwas zuwa goma, sannan a biyo da gajeru masu sauri, matse saki matse saki, don tari ba ya jira. Sau uku a rana. In na kwance ya zauna sai a koma zaune, sai tsaye, sai ana tafiya ana ɗaukar kaya, tunda ba a kwance fitsarin ke zubar miki ba. Ni a ganina abin da ya fi ɗorewa shi ne a ɗaura shi da sallah, bayan asuba da la'asar da isha'i kina zaune kan darduma, ba mai sanin kina wani abu. Kar dai a mayar da katse fitsari a bayi atisaye, yana hana mafitsara juyewa duka ya jawo cutar da ake gudu. Akwai kuma dabara mai saurin amfani, ki matse kafin tarin ya fito, kafin atishawa, kafin ki sunkuci jarka ko ki miƙe daga sujada, wasu cikin mako guda suke ganin ɗigar ta ragu da wannan kaɗai. Wadda ba ta jin wurin kwata-kwata akwai na'urar da ke nuna mata a allo ko ta matse, da wadda ke ba tsokar ɗan lantarki mara zafi ta motsa ta, amma ba su ne jigon ba, naci ne.

Ba zancen baki ba ne kuma. Ƙungiyar Cochrane da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magani ta duba wanga a 2018, cikin mata masu ɗigar tari da atishawa 56 cikin ɗari na waɗanda sunka yi horon sun ce sun warke, waɗanda ba su yi ba 6 ne cikin ɗari. A Ingila ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara yadda ake magani a can, ita ce a fara da horon aƙalla wata uku ƙwararre na bibiyar mace kafin a yi maganar tiyata, mai zazzagowar da ba ta yi nisa ba kuma mako 16. Wata ukun nan shi ne inda muke faɗuwa, tsoka ba ta kauri cikin kwana bakwai, mu kuma mun saba da maganin da ake sha yau gobe a ga aiki, sai a bari a mako na biyu a ce ba ya yi. Sannan 56 ba ɗari ba ce, sauran wasu sauƙi suke samu wasu sai an haɗa da wani abin. Wadda mahaifarta ta fito waje tana gogar zane atisaye ba zai mayar da ita ba, akwai zoben roba da likitan mata ke sakawa ya tallafe ta a riƙa cirewa ana wankewa lokaci-lokaci, wata kuma sai aiki. In an warke ma ba a ajiye horon, ragewa ake yi.

Mai na gaggawa mafitsarar ake yi wa tarbiyya. In fitsari ya taso kar ki ruga, gudu ƙara taso shi yake, ki tsaya cak ko ki zauna ki yi gajerun matsewa biyar shida ki ja numfashi har ya lafa sannan ki tafi a hankali, ana ƙara tazara kaɗan kaɗan har a kai wajen awa uku tsakanin zagayawa, abin na cin aƙalla mako shida. Daina shan ruwa kuwa cutar kai ce, fitsari ya yi kauri ya yi ja ya riƙa tsokanar mafitsara, bayan gida ya ƙara tauri, a garin da gumi kaɗai ke ƙarar da mutum. Abin ragewa shi ne shayi mai kauri da kofi da baƙin lemun kwalba, da goro, e goro, Hajiya sai haƙuri, sinadarin da ke hana barci a kofi shi ne a cikinsa. Bayan gida a tausasa shi da abin da muke da shi, kwaɗon zogale da tafasa da rama da wake da ruwa isasshe, tsugunon salga ma ya fi masai na zama buɗe hanya.

Ba ya yiwuwa a yi wagga magana a Sakkwato a tsallake hakin maye, wato kayan mata, mu da anka sani da shi har Kano da Abuja. Ba ruwana da tsumi da gumba, maganata kan kayan matsi ce, alif da bagaruwa da 'yan ƙulle-ƙullen da ake cusawa. Abin da suke yi su busar da fatar ciki su tsuke ta na 'yan awoyi sai a ji kamar an matse, alhali tsokar da ke bayan fatar tana nan yadda take ba abin da ya taɓa ta. Ribar ita ce bushewa da ƙujewa da kashe ƙwayoyin kirki da ke tsare wurin, daga nan ƙaiƙayi da ruwa mai wari a koma neman maganin sanyi, masu ƙarfin cikinsu ma suna ƙona fata ta warke da tabo hanya ta toshe. Abin da mace ke nema wurin mai kayan nan, ta ji jikinta ya dawo bayan haihuwa, tsoka ce ke bayar da shi, sai dai abin kyauta ba shi da dillaliya mai bi gida-gida tana tallarsa.

Mai cikin fari da ta fara horon tun cikin na ƙarami ta fi tsira daga ɗiga a ƙarshen ciki da watannin bayan haihuwa, kuma tsoron wai tsokar za ta yi ƙarfi ta hana ɗa fitowa bincike bai nuna haka ba. Bayan haihuwa in lafiya anka rabu ana iya fara matsewa a hankali tun kwanakin farko. Arba'in ɗin nan ta jego dama ce babba, ga hutu ga mai kula da ke, da za a rage tafasasshen ruwa da kunun kanwa da likitocin zuciya sunka daɗe suna kuka da su a sa minti biyar na wanga horo sau uku a rana da an ga bambanci. A Faransa inshorar gwamnati ke biya wa mace zaman horon wajen goma bayan ta haihu. Mu nan komawa asibiti bayan haihuwa sai in jinjiri ba lafiya ko ranar rigakafi, in an je ma shi ake aunawa, da wuya a tambayi uwar ko tana riƙe fitsari.

Ta wajen ibada malamanmu ba su bar mu a duhu ba, a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan garin nan an yi maganar mai salas, wanda fitsari ke zubo wa ba da ikonsa ba, an yi masa sauƙi a alwala, ki tambayi malamar Islamiyyarku ta warware miki gwargwadon halinki kar waswasi ya raba ki da sallah, sai dai sauƙin hukunci daban neman magani daban. Kai kuma maigida, in ka ga ta fara gudun shimfiɗa ko ƙin zuwa unguwa ko yawan wankin zane, kafin ka ce raini ne ka tambaya, kuma izinin fita da kuɗin mota da ɗauke mata jarkar ruwa na 'yan watanni duk cikin maganin suke.

Asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen fisiyo, hanya mafi sauƙi ita ce ta ɓangaren mata, ki gaya wa likita ko nas abin da ke faruwa ƙarara ba da habaici ba ki nemi a tura ki, ki kuma tambaya ko akwai mace da ta san wanga fanni don ba kowane ɗan fisiyo ne ya yi shi ba. Wadda ke Illela ko Tangaza ko Isa ba sai ta riƙa zuwa kowane mako ba, in anka duba ta anka tabbatar tana matse daidai yawancin aikin a ɗakinta ne, ta riƙa dawowa ranar da anka ba ta a sake aunawa. Amma akwai alamomin da ba a tsayawa atisaye a kansu, jini a fitsari, zafin fitsari da zazzaɓi, fitsarin da ke zuba ba tsayawa bayan doguwar naƙuda ko tiyata, bayan gida ta gaba, jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ciwon baya da ya zo da mutuwar tsakanin cinyoyi da kasa yin fitsari. Waɗannan ba a jira, asibiti ake tafiya, na ƙarshen ma ko tsakar dare ne.